Sunan Lamiɗo a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram: Daga Sarauta zuwa Sunan Gida

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe rajistar aji a makarantun kudancin Jihar Jigawa ya san irin sunayen da suke cika ta. Muhammadu da Abdullahi da Ibrahim da Usmanu su ne ke cinye shafi, har ta kai malami ya rasa yadda zai rarrabe Musa Ibrahim na layin gaba da Musa Ibrahim na layin baya, sai ya liƙa wa ɗayansu sunan garinsu. To, amma jefi-jefi akan ci karo da sunan da ba na annabi ba ne, ba na sahabi ba, ba kuma na gari ba, irin su Jauro da Arɗo da Bulama da Lamiɗo. Wannan na ƙarshe shi muka sa gaba a wannan takarda. Masu amsa shi ba su da yawa, amma amonsa a ƙasar Birnin Kudu da kewayenta ya fi yawan masu shi.

Nufinmu shi ne mu bi sawun kalmar tun daga harshen da ya haife ta, mu ga yadda ta tashi daga sarauta ta zama sunan mutum, sa'an nan ta ƙara tashi ta zama sunan gida. Abin da muke nufi da sunan gida shi ne sunan da ake gado daga uba zuwa ɗa zuwa jika ba tare da ya sauya ba, kamar yadda Turawa suke yi. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu kuwa shi ne wata ɗabi'a da muke gani tana yaɗuwa tsakanin ɗalibanmu, watau ɗaukar sunan da ke kan takardar shaida a matsayin hujjar asali. Wanda ya ga Lamiɗo a bayan sunansa sai ya ɗauka jinin sarauta ne shi, wanda kuma ya ga wani mai irin sunan a Yola ko Kano sai ya ce ɗan'uwansa ne. Idan aka bar wannan fahimta ta zauna, nan da zuriya biyu za a rubuta tarihin gidaje da yawa a kan tubalin toka.

2.0 Asalin Kalmar

Lamiɗo kalmar Fulatanci ce. A bakin Fulani ana jan wasulanta biyu na farko, a ce laamiiɗo, jam'inta kuma laamiiɓe. Saiwarta ita ce laam-, wadda take ɗauke da ma'anar mulki. Daga wannan saiwa aka sami laamu, watau mulki ko sarauta, aka sami laamorde, watau mazaunin mai mulki. Kalmar laamorde ita ce ta zama sunan Lamurde a Jihar Adamawa, ita ce kuma sunan unguwar Lamorde da ke hayin kogi a birnin Yamai. A can yammacin ƙasar Fulani, a Futa Toro ta kwarin kogin Sanagal, akwai tsohuwar sarautar Lam Toro, daga saiwar nan guda. Fulanin wancan ɓangare sukan kira Allah Maɗaukakin Sarki da Laamɗo, kamar dai yadda Bahaushe yake cewa Sarki Allah. Sarkin Musulmi kuwa shi ne Laamiiɗo Juulɓe.

Mun kawo waɗannan misalai ne saboda wani zance da muke yawan ji, cewa wai Lamiɗo gurɓatacciyar Larabci ce, daga al-Amir ko al-Imam. Wannan zance ba shi da ƙafafun tsayawa. Kalmar aro takan shigo harshe ita kaɗai, kamar baƙo; wadda kuwa take da uwa da 'yan'uwa da jikoki a cikin harshe tun daga Sanagal har Kamaru, 'yar gida ce. Al-Imam ya shiga Fulatanci, gaskiya ne, amma da wata kama dabam ya shiga, ita ce Almami, sarautar shugabannin Futa Jalo da Futa Toro. Haka nan bai kamata a rikita Lamiɗo da Laminu ba. Laminu shi ne al-Amin, kamar yadda ake kiran Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno da Shehu Laminu. Kusancin furuci ne kawai ya haɗa su.

Inda kalmar ta fi samun gindin zama a matsayin sarautar hukuma shi ne Fombina, watau ƙasar Adamawa. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847, an fi saninsa da laƙabinsa na malanta, Modibbo. 'Ya'yansa da suka gaje shi, Lawal da Sanda da Zubairu da Bobbo Ahmadu, su aka sani da Lamiɗo, sarautar kuma ta ci gaba da wannan suna. Lamiɗo Aliyu Musɗafa ya riƙe ta daga 1953 zuwa 2010. Farfesa Sa'ad Abubakar ma da jam'in kalmar ya raɗa wa littafinsa na tarihin masarautar suna, wanda ya fito a 1977. A arewacin Kamaru kuwa, sarakunan Garwa da Marwa da Ngaundare da Rai Buba da Banyo da Tibati duk Lamiɗo ake ce musu, Faransawa ma suka ƙirƙiri kalma daga gare ta don kiran masarautun nasu.

3.0 Dalilin Ƙarancinsa a Ƙasar Kano

Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na masarautar Kano a da. Sun kasance cikin Jihar Kano tun daga 1967 har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, suna kuma ƙarƙashin masarautar Dutse. Saboda haka tsarin sarautar Kano shi ne ma'aunin da za mu auna matsayin kalmar da shi.

A nan ne bambanci da Adamawa ya fito fili. Fulanin da suka ci Kano a farkon ƙarni na 19 sun tarar da tsohuwar fada mai cikakken tsari, da harshe wanda ya riga ya mamaye birni da kasuwa. Bayan rasuwar Sarki Sulaimanu a 1819, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki har 1846, ya raya sarautun Haɓe irin su Galadima da Madaki da Makama, aka rarraba su ga manyan gidajen jihadi. Ta haka matakan sarauta suka zauna da sunayensu na Hausa: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Hakimin Birnin Kudu kansa Sarkin Kudu ake ce masa. Babu wani mataki a wannan tsani da fada ta kira Lamiɗo. Kalmar ta ci gaba da rayuwa ne a bakin masu jin Fulatanci, a ruga da ƙauye, inda duk shugaban da ya fi arɗo da jauro girma, ko dagaci ne ko hakimi ko sarkin yanka, laamiiɗo ne a wurinsu.

Wannan shi ya sa sunan ya yi ƙaranci, shi ya sa kuma inda ake samunsa ya zama manuniya. Ana samunsa a inda Fulatanci ya daɗe bai mutu ba. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram irin wannan wuri ce. Ƙasa ce mai duwatsu da fadamu da makiyaya, ta kuma yi iyaka da Jihar Bauci, inda masarautun Katagum da Misau da Jama'are suke, waɗanda Fulanin gabas suka kafa. Arɗo shi ne mai jan ragamar makiyaya, ta hannunsa kuma ake karɓar jangali. Jauro shi ne mai gari. Bulama kuwa daga Barebari aka aro shi. Duk waɗannan sunaye huɗu a hanyar gabas suka fi yawa, kuma duk huɗun sun bi tafarki ɗaya zuwa cikin rajistar makaranta.

Bari mu ɗan ratse. Zanen shanun nan da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu, wanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, mun sha jin ana kafa hujja da shi cewa Fulani sun daɗe a wurin tun fil'azal. Shanun da aka zana ba su da tozo, ba irin shanun Fulanin yau ba ne. Kiwo ya girmi zuwan Fulani a wannan ƙasa, kuma Warjawa da Haɓe suna da nasu kason a tarihinta. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kuma, hare-haren Ningawa, waɗanda Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya yi ta fama da su tun bayan hawansa a 1855, sun tarwatsa ƙauyuka, sun cusa mutane cikin garuruwa masu ganuwa, sun gauraya ɗa da bawa da baƙo. Ƙasar da ta ga irin wannan cakuɗa, mai neman tsarkakakkiyar salsala a cikinta sai ya yi hattara.

4.0 Yadda Sarauta Take Zama Suna

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce ta mutumin da ya riƙe shugabanci da gaske. Sunansa na yanka yakan ɓace a bakin jama'a, domin rashin ladabi ne a kira shugaba da gatsal. 'Ya'yansa sai a riƙa ce musu wane na Lamiɗo, ko wane ɗan Lamiɗo. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Hanyar da ta fi muhimmanci, wadda kuma aka fi mantawa da ita, ita ce ta alkunya. Bahaushe da Bafulatani sun haɗu a kan cewa mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. A wannan fage ma kunyar Fulani ta fi tsanani. Idan aka haifi yaro aka mayar masa da sunan kakansa, an jefa gidan cikin wuya, domin uwar yaron ba za ta iya kiransa ba, uban ma haka. Mafita ita ce a ba shi laƙabin da zai nuna mai sunan ba tare da an ambace shi ba. Daga nan aka sami Abba da Baba da Baffa da Babangida, a wajen mata kuma Ummi da Iya da Inna. Idan wanda aka yi wa takwara malami ne, yaron ya zama Malam ko Modibbo tun yana cikin zanen goyo. Idan sarki ne, yaron ya zama Sarki ko Maigari ko Maikano, a gidan da ake jin Fulatanci ko ake alfahari da shi kuwa ya zama Lamiɗo.

Gidan sarautar Kano ya ba mu misali wanda kowa zai iya dubawa. Akwai mutum biyu sanannu a gidan Dabo masu amsa Sanusi Lamiɗo: Sanusi Lamiɗo Ado Bayero, da Sanusi Lamiɗo Sanusi, wanda aka haifa a 1961, ya shugabanci Babban Bankin Nijeriya daga 2009 zuwa 2014, aka naɗa shi Sarkin Kano a 2014. Dukansu biyu an haife su a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, wanda ya bar gadon sarauta a 1963, dukansu kuma sunansa suke ɗauke da shi. A fahimtarmu Lamiɗon da ke tsakiyar sunayen nan laƙabin alkunya ne: yaro ya ci sunan sarki mai ci, wa zai tsaya a tsakar gida ya ƙwala masa kira da shi? Abin lura shi ne ba a gidan sarauta kaɗai ake yi wa sarki takwara ba. Talaka yakan sa wa ɗansa sunan dagacinsu don girmamawa, ko don godiya a kan wata gona da aka ba shi, ko don an haifi yaron ranar da aka yi naɗi. Bara da bawa sukan yi wa ubangidansu haka. Yaron zai girma ana ce masa Lamiɗo, ya tsufa ana ce masa Lamiɗo, alhali ko unguwa bai taɓa riƙewa ba, babu kuma mai rawani a cikin kakanninsa.

A tsarin gargajiya wannan bai taɓa rikita kowa ba. Mutanen gari sun san wane Lamiɗo ne mai sarauta, wane ne takwara. Kuma laƙabin yakan mutu tare da mai shi, ko ya daɗe ƙwarai ya kai ga 'ya'yansa. Dalili kuwa shi ne tsarin sunan Bahaushe tsari ne mai tafiya: Audu ɗan Garba, Garba ɗan Sule, Sule ɗan Bello. Kowace zuriya tana ture sunan da ke can baya ta sa sabo. Musulunci ya ƙarfafa haka, domin aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta yi umurni a danganta 'ya'ya ga ubanninsu, abin da ya sa mace ma ba ta barin sunan mahaifinta saboda aure. Abin da yake dawwama a wurinmu shi ne sunan dangi, irin su Sulluɓawa da Yolawa da Joɓawa da Dambazawa, ko Jalligawa da Yalligawa na Dutse, amma ba a liƙa shi a bayan sunan mutum. Ko sunayen nan huɗu na Fulani, Ba da Jallo da Bari da So, waɗanda suka zama sunayen gida a Gini da Mali da Sanagal, a ƙasar Hausa ba su sami wannan matsayi ba.

5.0 Rajista ta Tsayar da Mai Tafiya

Abin da ya sauya al'amarin shi ne alƙalamin boko. Tun daga makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina ta farkon shekarun 1920, Bature ya zo da rajista mai bukatar suna biyu. Yaron da aka tambaya sunan ubansa yakan sunkuyar da kai, saboda kunyar da muka ambata. Sai malamai suka koma ga sunan gari. Ta haka aka sami Shehu Shagari da Isa Kaita da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Mu'azu Haɗeja. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Raba ne a Katsina, daga baya ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abubakar Imam ma da Abubakar Kagara aka fara saninsa. Wanda kuwa ubansa yake da laƙabi ko sarauta ya sami sauƙi, domin faɗin Lamiɗo ko Turaki ko Waziri ba ya karya alkunya. Wannan, a ganinmu, shi ne babban dalilin da ya sa sunayen sarauta suka yi yawa a rajista fiye da yawan rawunan da ke ƙasar.

Jerin gwamnonin farar hula na Jihar Jigawa ya isa misali. Ali Sa'ad Birnin Kudu, wanda ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993, sunan gari yake ɗauke da shi. Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, sunan sarautar Hausa. Sule Lamiɗo, daga 2007 zuwa 2015, sunan sarautar Fulani. Muhammad Badaru Abubakar, daga 2015 zuwa 2023, sunan yanka irin na Musulunci. Mutum huɗu a kujera ɗaya, kowa da irin ƙofar da sunansa ya shigo.

Na ukunsu shi ne ya fitar da sunan da muke nazari daga ƙasar Birnin Kudu zuwa kunnen duniya. An haifi Alhaji Sule Lamiɗo a Bamaina a 1948, ya shiga Majalisar Wakilai a 1979 a jam'iyyar PRP, ya riƙe ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003, jami'ar jihar da ke Kafin Hausa kuma tana ɗauke da sunansa. Ba siyasarsa ce ta dame mu a nan ba, tafiyar sunan ce. Ɗansa da ya yi takarar gwamna a 2023 da Mustapha Sule Lamiɗo aka san shi. Bisa tsohon tsari da Mustafa Sule zai tsaya, Lamiɗo ya faɗi. Bai faɗi ba. Sunan da ya tsallake zuriya ta biyu ya shiga ta uku ya zama sunan gida ke nan. Haka ta faru ga gidan Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955. Tata mace ce, ita ta rene shi, amma yau sunanta ne tambarin gida sukutum har tattaɓa-kunne. Shahara ita ce take fara daskarar da suna, domin babu mai son ya yar da sunan da yake buɗe masa ƙofa.

Talakan da ba shi da shahara kuwa takarda ce ta daskarar da nasa. Shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 ya shigar da 'ya'yan ƙauye da na ruga cikin rajista da yawan da ba a taɓa gani ba. Dokar tilasta rajistar haihuwa ta zo a 1992, hukumar katin shaidar ɗan ƙasa ta sami dokarta a 2007, lambar tantancewa ta banki ta fito a 2014, a ƙarshen 2020 aka ce a haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa. Kowane fom daga cikin waɗannan yana da gurbin sunan gida, kwamfuta kuma ba ta yarda gurbin ya sauya daga takarda zuwa takarda. Abin da ya auku shi ne, duk sunan da tsautsayi ko sa'a ta sa yana matsayi na biyu a ranar da aka fara rubutawa, shi ya zauna. Ba a zaɓe shi don ya fi tsufa ko ya fi gaskiya ba.

6.0 Abin da Ya Faru a Wasu Ƙasashe

Ba mu muka fara shiga wannan hali ba. Faransa ta ɗora wa Musulmin Aljeriya sunan gida da dokar 1882, Turkiyya ta ɗora wa kanta da dokar 1934. Amma misalin da ya fi kama da namu shi ne na mutanen Ailan da na tsaunukan Sikotilan, masu harshen Gelik, domin su ma da tsarin wane ɗan wane suka fara. Mac a harshensu shi ne ɗa, O kuma jika. Mutanen Ailan suna cikin na farko a Turai da suka daskarar da irin wannan suna. O'Brien, alal misali, jikokin Sarki Brian Boru ne, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014.

Su ma sarauta ta zama musu suna. Stewart asalinsa muƙami ne a fadar Sikotilan, kusan abin da za mu kira Sarkin Gida. Masu riƙe da shi suka mayar da shi sunansu, a 1371 kuma ɗayansu ya hau gadon sarautar ƙasar. MacNab ɗan shugaban gidan ibada ne, MacPherson ɗan limamin coci. Wanda ya fi burge mu shi ne Mackintosh, wanda a Gelik yake Mac an Tòisich, watau ɗan shugaba. Kalmar nan ta shugaba ita ce dai Taoiseach, sunan da tsarin mulkin Ailan na 1937 ya ba firayim ministan ƙasar. Ga kalma ɗaya tana raye a matsayin sarauta a wata ƙasa, tana kuma yawo a matsayin sunan gida a wata, daidai da Lamiɗo tsakanin Yola da Birnin Kudu.

Hannun hukuma ma bai bar su ba. A 1465 aka yi doka cewa 'yan Ailan mazauna yankin Dublin da kewayensa su ɗauki suna irin na Ingilishi, ko na gari, ko na launi, ko na sana'a, ko na muƙami. Mai karanta wannan doka sai ya ga kamar rajistar Kwalejin Katsina ake siffantawa. A 1603 Sarki James na shida ya haramta sunan MacGregor ɗungurungum, masu shi suka ɓuya a ƙarƙashin sunayen maƙwabta, ba a ɗage haramcin gaba ɗaya ba sai a 1774. Darasin da masu binciken salsala na can suka koya da wahala shi ne, a tsaunukan Sikotilan talakawa da masu neman mafaka sukan ɗauki sunan shugaban dangin da suke zaune a ƙasarsa, ko da babu jini tsakaninsu. Saboda haka Mackintosh biyu ba lalle ne su haɗa kaka ba. Su sun yi ɗaruruwan shekaru kafin su gane haka, bayan shaidu sun mutu. Mu kuwa namu daskarewar a gaban idonmu take faruwa, waɗanda suka san dalilin kowane suna kuma wasunsu suna nan da rai.

Akwai kuma hasarar harafi. Kamar yadda magatakardan Ingilishi suka murɗe Mac an Tòisich, haka keken rubutu da kwamfutar ofis suka cire wa Lamiɗo ƙugiyarsa. Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun Hausa tun shekarun 1930, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su daga 1939, amma takardun hukuma da Ingilishi ake cika su. Yau akwai samarin da suke furta sunansu da d maras ƙugiya, yadda suka gan shi a rubuce, suna kuma ganin mai faɗin Lamiɗo shi ne baƙauye.

7.0 Tambayar da Ta Kamaci Mai Bincike

Mai son sanin asalin wani gida mai wannan suna ba daga kalmar zai fara ba, domin kalmar ba za ta kai shi ko'ina ba sai Futa Toro. Daga mutum zai fara. Wane ne aka fara kira Lamiɗo a gidan? Mene ne sunansa na yanka? Sunan wa aka mayar masa? Wa yake sarautar garin a shekarar da aka haife shi? Idan sunansa na yanka ya zo daidai da na dagacin lokacin, alhali gidansu ba ya cikin masu neman sarautar, to an sami amsa. Idan kuwa ana da'awar ya yi sarauta, sai a nemi sunansa a jerin dagatai da arɗaɗɗa, a rahotannin kimanta haraji na gundumomi da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da abin da ke Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Kirarin gida da tsagar fuska da wurin da aka binne kakanni duk shaidu ne. Amma a abin da muka gani, babu shaidar da ta kai tsofaffin mata, domin su ne suka ƙirƙiri laƙabin tun farko, su alkunyar ta hana faɗin suna.

Wani ɗalibinmu daga wani ƙauye na ƙasar Gwaram ya taɓa zuwa mana da matsala. Takardarsa ta firamare tana ɗauke da Lamiɗo, ta sakandare tana ɗauke da sunan mahaifinsa, katin shaidarsa kuma da sunan ƙauyensu, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ma da wani sunan dabam yake amfani. Wani ofishi ya ƙi karɓar takardunsa, ya yi kusan zango guda yana zirga-zirgar rantsuwa a kotu. Da aka ce ya zaɓi ɗaya, Lamiɗo ya zaɓa. Muka tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, ai shi ne asalinmu, kuma ya fi kwarjini." Muka ce idan ya je hutu ya tambayi kakarsa wane ne Lamiɗon.

Da ya dawo ya ba mu labari yana dariya, ko da yake dariyar ba ta kai ciki ba. Ya ce tsohuwar ta dube shi ta ce, "Kai maigidan, wace sarauta? Kakanka dillalin shanu ne. Ranar da aka haife shi mai garinmu ya aiko da ragon suna, shi ne aka mayar masa da sunansa. Uwarsa ba ta iya faɗi, mu ma da muka zo gidan ba mu iya faɗi." Ya tambaye ta to mene ne sunan kakan nasa na yanka. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce ya je ya tambayi baffansa.